Ta ina zan fara haɗa manhaja don masu horar da yara masu otizim?

Tambaya: Ni mai haɗa manhajar waya ne a Yaba, gida kuma Agege, duk a Legas. Ƙanwata tana da otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Ina so in yi manhajar da za ta taimaki masu horar da irin waɗannan yara. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Kafin ka taɓa kwamfuta, nemi izinin iyaye ka zauna a ɗakin horo sau uku ko huɗu, ka zuba wa hannun mai horarwa ido. Kati mai hoton kofi a hannu ɗaya, biskit na lada a ɗayan, ido kuma na kan yaro kada ya nufi ƙofa. Duk gwajin da aka yi sai ta rubuta: ya miƙo katin da kansa, ko sai da aka kama masa hannu, ko ko kallo bai yi ba. Rubutun nan ne ke cin mu, mu masu horarwa. Sau da yawa sai dare nake cike takardu, rabin abin ya riga ya shige min duhu. Ka ba mu manyan maɓallai uku da babban yatsa zai danna ba sai an duba waya ba, su tara lissafin mako. Wasa mai ƙara da walƙiya kuwa, wasu yaran toshe kunne suke yi.

Tsarin musayar hoto na PECS, wato yaro ya miƙa katin hoton abin da yake so, a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1985, kuma hotunan da ake saukewa daga intanet yawanci na can ne. Yaron Agege buta ya sani, da ƙosai, da danfo. Bari a ɗauki hoton kofinsa na gida, a naɗi muryar uwarsa da Hausa ko Yarbanci.

Manhajar ta yi aiki ko babu data. Uwar da ta sha cunkoso zuwa asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba don zaman awa ɗaya, sauran kwanakin ita ce malama, sai a tura mata gajeren bidiyon atisaye ta WhatsApp.

Kada manhajarka ta ce yaro na da otizim. Tambayoyin M-CHAT da ake yi wa iyayen 'yan wata 16 zuwa 30 ma tantancewa kawai suke yi, likita ke tabbatarwa. Bidiyon yaro kuma, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta yardar iyaye kafin ka adana shi.