Amsa ga ɗana game da goron masu fito

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso ni. Ka ce da kuka je Yawuri ta'aziyya ka ga kawunka ya miƙa wa dattijon da ke kula da bakin ruwa goro kafin ku shiga kwalekwale, alhali kun riga kun biya kuɗin jirgi, kana tambaya ko wannan ba canfi ba ne, ko ma wani abu da ake yi don iskokan ruwa. Gara da ka tambaya maimakon ka yanke hukunci a zuciyarka. Goron nan na mutum ne, ba na ruwa ba, kuma asalinsa yana cikin fataucin kakanninmu.

Kogin Kwara ya taso ne daga ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo mana ta ƙasar Kabi, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Ga mazauna gaɓarsa, irin Sarkawa da Gungawa da Nufawa masu jirage, kogin hanya ce da ake bi da kifi da hatsi da gishiri, a gangara ko a hauro. Ga fataken Kano da Katsina da Zazzau masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro kuwa, katanga ce da ta gitta musu, domin ba a isa kasuwar Salaga sai an ƙetare shi, ko ta Yawuri, ko ta Illo, ko ta wajen Busa, sannan a faɗa ƙasar Bargu.

Ka ɗauka ayari ne mai jakuna ɗaruruwa, an ɗora musu kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jan fata, jagaba yana gaba, madugu yana riƙe da al'amarin kowa. Idan suka iso gaɓa ba wanda zai tsoma ƙafa a ruwa. Sai a yada zango, madugu ya aika da gaisuwa ga sarkin gari da Sarkin Ruwa, a zauna a daidaita kuɗin fito, wanda yakan ci kwanaki ana ja-in-ja a kansa. Bayan an shirya ne ake sauke mangaloli a jera su cikin jirage, jakuna kuma a tura su ruwa suna iyo a gefen jirgi, mutum yana riƙe da kan kowane don kada ya nutse. A dawowa abin ya fi wuya, saboda huhun goro ba ya son jinkiri: a kai a kai sai an kwance, an tsince wanda ya ɓaci, an yayyafa ruwa, an sake naɗewa da ganye. Madugun da ya ɓata da masu fito, aka bar shi mako guda a gaɓa, ya san abin da ya yi asara. Shi ya sa idan ya dawo daga Gwanja, goron farko da ke fita daga huhu nasu ne.

Akwai kuma wani dalili da mutanen tudu ba su cika lura da shi ba. Kwara a wannan yanki cika biyu take yi a shekara. Ta farko ta ruwan daminarmu ce, mai laka. Ta biyu kuwa takan zo ne cikin hunturu, domin ruwan da aka yi a Gini sai ya daɗe yana malala a fadamun Mali kafin ya iso mana. Fatake da rani suke tafiya, sai su tarar da kogi cike a lokacin da rafukan gida suka ƙafe. Wanda ya san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, da inda dorina ke kwana, shi ke riƙe da ranka, kuma irin wannan sani ba a sayensa da kuɗin jirgi kawai.

Turawa ma sun ɗanɗana. Mungo Park ya halaka a duwatsun Busa a 1806, kuma abin da aka ruwaito shi ne kyautar da ya bayar a kai wa Sarkin Yawuri ba ta isa hannun sarki ba. 'Yan'uwan nan biyu, su Lander, da suka zo a 1830, sun zauna sun nemi yardar sarakunan Busa da Yawuri, aka ba su jirage, suka gangara har teku. Bayansu ne jiragen tururi suka fara haurowa, Lakwaja ta zama matattara a inda Binuwai ta haɗu da Kwara.

Abin da ya kashe tsohuwar hanyar ba ɓoyayye ba ne. Salaga ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892, layin dogo daga Baro ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko ya hau jirgin ƙasa, gadar Jebba kuma ta rage wa masu fito aiki. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Busa da tsibirai da dama suka nutse, aka tashi mutanensu zuwa sababbin matsugunai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa zuwa Gwanja ba, amma har ya rasu ba ya shiga jirgi sai da goro a aljihun rigarsa, kuma daga wurinsa kawunka ya gani.

Saboda haka idan za ku koma bayan Salla, ka sayi goronka tun daga gida, fari ya fi, ka miƙa da hannu biyu, ka tambayi dattijon yadda ruwa yake a ranar. In ya ce jirgi ya cika, ko yamma ta yi, ku kwana, kuma ka nemi rigar ceto ka sa ko da sauran fasinjoji za su yi maka dariya. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Baffanka.