Shawarwari Ga Masu Dawaki: Ciwon Ciki Da Gyambon Sirdi

Tambaya daga Azare: Saura mako biyu hawan sallah na ƙara wa dokina dawa don ya yi ƙiba. Yanzu yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi. Zan iya yi masa ɗuren kanwa da man gyaɗa?

Amsa: Alhaji, kada a yi ɗuren nan. Dokin da ke cikin ciwo ba ya haɗiya daidai, man sai ya zarce huhu, a fita daga ciwon ciki a faɗa ciwon huhu mai kisa. In da buƙatar mai, likitan dabbobi ne zai zura roba ta hanci har tumbi ya ba shi.

Kafin likita ya iso, a kwashe abincin gabansa kaf, a ja shi da ragama a hankali na minti 10 zuwa 15. A sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi a ƙirga bugun jini: lafiyayyen doki yana yin 28 zuwa 44 a minti ɗaya, in ya haura 60 abin ya yi tsanani. A danna dasashi a saki, ya kamata jansa ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Kada yaron doki ya yi masa allurar kashe zafi da kansa, tana ɓoye alamun da likita zai duba.

Dawar ce ta jawo. Tumbin doki ƙarami ne, bai wuce lita 15 ba, kuma doki ba ya amai. Hatsin da ya yi yawa sai ya wuce hanji bai narke ba, ya yi tsami, iska ta cika ciki. Wani lokaci ma ciwon ya sauka kofato. Dokin da ya kai kilo 350 kada hatsinsa ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya, harawa da ciyawa kuma kada su gaza kilo 5 a yini. Duk ƙarin abinci a yi shi kaɗan-kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10. A zuba a komi, don wanda ke ci a ƙasa yana tara yashi a hanji. Ruwa kuwa, a zafin Maris da Afrilu yana iya shan lita 40 ko fiye. Harawar da ta yi fumfuna a zubar, abincin kajin gona kuma ko kusa kada a ba shi, wani yana ɗauke da maganin da ke kashe doki.

Tambaya daga Kumo: Sirdi ya ji wa dokina ciwo a gadon baya. An ce in shafa baƙin mai.

Amsa: Malam, baƙin mai na inji ne. A wanke wurin safe da yamma da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, a kare shi daga ƙuda, a ajiye hawa har fata ta haɗe. A duba sirdin da jalalar, in ba a gyara inda ke gugar ba gyambon zai dawo. Doki na saurin kamuwa da cutar sarƙewar haƙora ta irin wannan rauni. In ba a taɓa yi masa rigakafinta ba, a kira likita yau: allura biyu ce, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara.