Bayan kora daga Birtaniya: kuɗin rashin aiki da batun kakanka Bature

Malam, na karanta wasiƙarka, inda ka ce ka yi shekara goma sha ɗaya kana aiki a Birtaniya ana cire maka kuɗin inshorar ƙasa daga albashi kafin a maido ka Najeriya, kuma mahaifin mahaifiyarka Bature ne haifaffen birnin Libaful na Ingila wanda ya yi aikin haƙar kuza a Jos. Kana tambaya ko za ka iya karɓar kuɗin rashin aiki na Birtaniya daga nan, da kuma ko kakan naka zai ba ka damar zama ɗan ƙasar ko komawa can.

Batun kuɗin rashin aiki ba shi da tsawo. Ana biyansa ne ga wanda yake zaune a ƙasar, yana da izinin aiki, yana kuma neman aikin, kuma ba ya wuce kwana 182. Tunda kana Kano, wannan ƙofa a rufe take, kuma abin da aka cire maka ba adashi ba ne da za ka ce a ba ka kwasarka. Sai dai bai salwanta ba, domin wanda ya cika shekara goma yana biya zai iya karɓar wani kaso na fanshon gwamnati idan shekarunsa suka kai, ko da yana Najeriya, illa dai ba a yi wa mazauna nan ƙarin shekara-shekara. Ka adana lambar inshorarka da takardun albashinka.

Maganar kakanka ce ke buƙatar natsuwa. A dokar zama ɗan Birtaniya ta 1981, wanda aka haifa a waje yakan gaji zama ɗan ƙasar daga iyayensa ne, kuma galibi gadon ba ya zarcewa zuwa jika. Abin da kakanka zai iya ba ka shi ne bizar zuriya ta shekara biyar, wadda ake ba 'yan ƙasashen Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashen renon Ingila da Najeriya ke ciki, ko da ba a ɗaura aure tsakanin kakannin ba. Bizar ta ba da izinin aiki, amma ta hana cin tallafin gwamnati.

Abin da ban gani a wasiƙarka ba, kuma shi ne ginshiƙi, shi ne irin korar da aka yi maka. Idan don ƙarewar biza aka fitar da kai da kuɗin hukuma, haramcin komawa yakan kai shekara goma. Idan kuwa umarnin kora ne bayan hukuncin kotu, yana nan daram har sai an soke shi, kuma ba za a ba ka biza yana kanka ba. A ganina, kada ka biya ko sisin kuɗin biza kafin ka nemo takardar korar, da shaidar haihuwar kakanka, da ta mahaifiyarka mai ɗauke da sunansa, ka kai su wurin lauyan shige da fice mai rajista a Birtaniya.