Sauke manhajar Play Store daga kwamfuta

Tambaya: An ce in ɗora wa Chrome wani ƙari (extension, wato ƙaramar manhajar da ake haɗa wa burauza) mai ciro manhajojin Play Store. Yana da amfani? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, ba ka buƙatarsa. Buɗe play.google.com a kwamfuta, ka shiga da adireshin Gmail ɗin da ke wayarka, ka nemo manhajar, ka danna Install, sannan ka zaɓi sunan wayar. Da zarar ta samu data, manhajar za ta sauka da kanta. In sunan bai fito ba, galibi adireshin ne ya bambanta.

Irin wannan ƙari ba na Google ba ne. Wasu suna neman kalmar sirrinka, wasu kuma suna kawo fayil ɗin APK (wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android) da aka yi wa cushe. A wayar da ke ɗauke da manhajar banki, kada ka kuskura.