Direban ƙananan filaye zai iya kaiwa babbar gasar NASCAR bayan ya manyanta?

Malam, ka tambaya ko direban da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tseren mota a ƙananan filayen jiharsa a Amurka zai iya shiga babbar gasar NASCAR bayan ya haura shekara 40. Zai iya, domin an taɓa yi. Dick Trickle, ɗan jihar Wisconsin, ya shafe kusan shekara 30 yana zagaya gajerun filayen yankinsu, kuma a 1972 kaɗai ya ci tsere 67, sannan ya lashe gasar ASA, wata gasar tseren mota ta gajerun filaye, a 1984 da 1985. Sai a 1989 ya samu kujera ta dindindin a babbar gasar, inda ya zama gwarzon sababbin direbobi na shekarar yana da shekara 48.

Sai dai abin da na lura da shi a tsawon lokacin da na ɗauka ina bin wasan nan shi ne, kuɗi sun fi shekaru tare wa mutum hanya. A ƙaramin fili direba ne ke kwance injinsa ya ɗaura da hannunsa, ladan da ya ci a daren Asabar ya tafi ga taya da mai. A babbar gasa kuwa dole ne a samu mai mota da kamfanin da zai ɗauki nauyi. Shi kansa Trickle raunin da wani direba ya ji ne ya buɗe masa ƙofa, kuma cikin tsere sama da 300 da ya yi a can bai taɓa zuwa na ɗaya a tseren da ake lissafa maki ba.