Kada taurarin UDisc su ruɗe ka wajen zaɓen filin golf ɗin faifai

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da shigowa wannan wasa namu na golf ɗin faifai, inda ake jifan faifan roba har a zura shi cikin kwando, wasa mai cinye wa mutum Asabar ɗinsa. Ka ce ka fara jifan faifai ne bayan ka zo karatu Boston a Amurka, kuma akwai fili biyu kusa da kai. Ɗaya ɗan lambun unguwa ne mai kwando 9, manhajar UDisc, inda 'yan wasa ke ba filaye maki, ta nuna yana da taurari 4.5 cikin 5. Ɗayan yana cikin daji, kwando 18, taurarinsa ba su ma kai 4 ba, amma shi ya fi kwanta maka a rai. Kana tambaya ko kai ne ba ka iya tantancewa ba, sannan kana so mu da muka kwana biyu a harkar mu jera maka filayen da muka fi so.

Lafiyarka ƙalau, idonka ma ya buɗe da wuri. Taurarin nan ba filin suke aunawa ba, zuciyar wanda ya danna su suke aunawa a wannan lokacin. Mutum ya gama zagaye, wasa ya yi masa kyau, waya ta tambaye shi taurari nawa, sai ya danna 5 yana tafiya wajen mota. Wanda ya bar faifai biyu a cikin ƙaya ya fito ƙafa duk karce, 2 zai bayar ko da babu filin da ya kai wannan tsari a jihar. Ka kuma duba su waye ke zuwa lambun unguwa: maƙwabta ne, iyaye da yara, da yawansu ba su taɓa taka wani filin ba. Ka tambayi yaro tuwon gidan wa ya fi daɗi, ai ka san amsar tun kafin ya buɗe baki. Tun 2020 da korona ta rufe wurare mutane suka yi ca a kan wasan nan saboda a sarari ake yinsa, sababbin hannu suka yi yawa, ni a ganina daga nan taurari suka yi araha.

Saboda haka in na buɗe manhaja, lambar ce ta ƙarshe da nake kallo. Ina fara duba mutum nawa suka bayar, sannan in karanta abin da suka rubuta, musamman na baya-bayan nan, don fili yakan lalace cikin damina ɗaya in masu kula da shi suka gaji. Akwai kuma tsohon shafin nan DGCourseReview, inda mai ba da maki yake zama ya rubuta abin da ya burge shi da abin da bai yi masa ba, kuma kana iya ganin filaye nawa shi kansa ya taɓa bugawa. In wanda ya zagaya filaye ɗari ya ba wuri 3.5, na fi yarda da shi a kan 5 ɗin wanda bai san ko'ina ba sai bayan gidansu. Jerin da UDisc ke fitarwa duk shekara na filayen da suka fi kyau a duniya, shi kam samansa abin dogaro ne, domin wuraren nan matafiya ne ke cika su, mutanen da suka ga jiya suka ga yau.

Ni ma'aunina na farko jakata ce. In na gama zagaye na ga faifai biyu kawai na taɓa, na nisa da na kusa, to filin bai tambaye ni komai ba, ko da ciyawarsa ta fi kafet laushi. Fili mai kyau sai ya tilasta maka ka fito da abin da ka ɓoye. Kwando ɗaya hanyarsa ta karkata hagu, jifan bayan hannu ya wadatar ga mai jifa da hannun dama. Na gaba ta karkata dama, dole ka yi jifan gefe ko ka kwantar da faifan ya juya. Wani rassa sun rufe sama, sai ka jefa ƙasa-ƙasa a miƙe da faifan tsaka-tsaki. Wani kuma gangare ne, iska na bugun fuskarka, in ka ɗaga hancin faifan ko yaya sai ka ga ya yi sama ya dawo maka. Filin da ya jera kwanduna a fili fetal, kowanne ka ja da baya ka wurga da iyakar ƙarfinka, gwajin kafaɗa ne kawai, kuma yaro ɗan shekara 19 zai cinye ka kullum.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a filayen daji irin na nan arewa maso gabashin Amurka, shi ne adalci. Wuya daban, mugunta daban. In hanya ta yi ƙunci amma akwai ta, ka jefa daidai ka wuce, ka kuskure bishiya ta mayar da kai, wannan wuya ce kuma ita muke nema. Amma akwai filin da na sani, ba zan kama suna ba, inda aka bar siraran bishiyoyi birjik a tsakiyar hanya, babu wata ƙofa da ido zai gani. Gwani ya jefa ya daki itace, ɗan koyo ya rufe ido ya wurga ya wuce. Wannan caca ce, kuma duk kyan wurin ba na ba shi fiye da 3. Ka gwada dajin naka da wannan: ka tsaya a dandamalin jifa ka tambayi kanka, na ga inda ake so in bi? In ka gani a yawancin kwandunan, ka samu fili.

Sai ƙananan abubuwa da ba a ɗauka a hoto. Dandamalin jifa na siminti ne mai kaushi ko shimfiɗar roba, yana da tsawon da za ka yi takunka, ko kuwa rami ne da ƙafafu suka haƙa, ruwa na kwanciya a ciki? In an yi yayyafi ka murza tafin takalminka a kai kafin ka jefa, in ya zame ka rage gudu, gwiwa ba ta da sifiya. Akwai allo mai nuna nisa da taswirar hanya? In ka zura faifai a kwando, akwai 'yar kibiya a jikinsa mai nuna inda za ka nufa, ko sai ka yi ta yawo a daji da waya a hannu? Sau da yawa irin waɗannan ne ke zubar wa fili mai kyau taurari, kuma ina kyautata zaton abin da ya samu naka ke nan. Abu ɗaya ne ba na yafewa: hanyar jifa ta ratsa inda mutane ke tafiya ko yara ke wasa. Faifan nisa yana kai giram 175, bakinsa siriri ne, in ya sami mutum a fuska sai asibiti.

To ga nawa jerin, kuma wanda ƙafata ta taka kawai nake sawa. Krokhol na Norwe, kusa da Oslo, ya hau saman jerin UDisc, amma a bidiyo na san shi, kuma gani ya kori ji.

Na ɗaya Maple Hill, kuma ka yi sa'a don yana bayan gidanka, a garin Leicester kusa da Worcester. Shi ma ya sha zama na ɗaya a jerin duniya, kuma a nan ni da taurari bakinmu ɗaya. Gona ce ta bishiyoyin Kirsimeti. Tun jifan farko kana kan tudu, kududdufi a gabanka, sai ka tsallake shi. Daga nan a shigar da kai daji mai ƙunci, a fito da kai bakin ruwa a kwando na 8 inda hannu ke rawa ko da nisan bai taka kara ya karya ba, a ratsa da kai cikin layukan bishiyoyin gonar, a ƙarshe ka hau tudu zuwa kwando na 18 da ke kewaye da katangar duwatsu. Babu kwando biyu da suka yi kama da juna. Abin da ya sa na ɗora shi sama da kowa shi ne an yi masa tsari kala-kala, kowanne da launinsa. Ja na masu koyo ne, zinariya ta ƙwararru ce, wadda ake buga gasar MVP Open a kanta. Ni da kai da wani gwani za mu iya zuwa rana ɗaya kowa ya sami daidai wuyansa. Ana biyan kuɗi, kuma ana kama lokaci tun kafin a je.

Na biyu DeLaveaga a Santa Cruz, Kalifoniya, wanda aka kafa tun 1984. Wannan tsohon malami ne mai bulala. Ƙasar a bushe take, tauri kamar daɓe, saiwoyi a waje, kwanduna da yawa a bakin kwazazzabo. Sai ka jefa faifai ya sauka taku uku daga kwando, kana murna, sai ka ga ya tashi a kan gefensa ya fara gangarawa a hankali, ya kewaye saiwa, ya ƙara gudu, kana tsaye kana kallo har ya ɓace a ƙasan kwari. A nan na koyi cewa yadda faifai zai sauka ya fi inda zai sauka muhimmanci. Wasu suna cewa wannan ma ai caca ce. Ban yarda ba, domin 'yan garin da suka iya kwantar da faifai a shimfiɗe ba ya gudar musu kamar yadda yake gudar wa baƙo. Sannan ga kwandon da suke kira Top of the World, inda kake tsaye a ƙwanƙolin tudu, kana hango teku daga nesa, ka saki faifai ya yi tafiyar fiye da ƙafa 500 yana gangarawa ƙasa. Mutane kan juye rabin jakarsu a wurin don daɗi.

Na uku Brewster Ridge a Smugglers' Notch, jihar Vermont. In kana son ka ga abin da nake nufi da daji mai adalci, je can. Kowace hanya a share take, a fili kake ganin abin da ake nema a wurinka, in ka faɗi kuma ba ka da wanda za ka zarga. Yana da ɗan'uwa a gefe, Fox Run Meadows, wanda yake a sarari da ruwa da igiyoyin iyaka da ba a son faifai ya ƙetare, kuma a kan su biyun aka buga gasar duniya ta PDGA, wato ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan nan, a 2018 da 2023. Ka je da kaka lokacin da ganye ya rine, amma kada ka ɗauki faifai ja ko ruwan lemo, don in ya faɗa cikin ganyen sai dai ka yi masa addu'a.

Blue Ribbon Pines na Minnesota, arewa da Minneapolis, yana biye. Kwando 27 ne, kuma na 4 ɗinsa, wani dogon lungu mai ƙafa 444 tsakanin layuka biyu na dogayen bishiyoyi, ya isa dalilin tafiya shi kaɗai.

Akwai wanda ba na sa wa maki kwata-kwata, wato Oak Grove da ke gefen Pasadena, cikin wurin shaƙatawar Hahamongna. Nan Ed Headrick ya kafa fili na farko na dindindin a 1975, lokacin ma sanduna ake jifa, kafin ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa, kafin ya kafa PDGA a 1976. In ka auna shi da ma'aunin yau filaye da yawa sun wuce shi. Amma ba a jera kaka da jikoki a ce wa ya fi gudu, zuwa ake yi a gaishe shi.

Ka kuma yi hattara da filin da ka gani a gasa. Winthrop da ke Rock Hill a South Carolina, inda ake buga babbar gasar Amurka ta USDGC tun 1999, harabar jami'a ce, kuma yawancin wuyarsa daga igiyoyin iyaka take da ake shimfiɗawa don gasar. Yana da daɗin kallo ƙwarai in manya na fafatawa, amma abin da ke sa gwani irin Paul McBeth gumi ba lallai ya zama abin da zai yi maka daɗin Asabar ba.

Game da filayenka biyu, kada ka yar da ko ɗaya, aikinsu ne ya bambanta. Lambun unguwa shi ne na bayan la'asar: ka ɗauki faifan kusa da na tsaka-tsaki kawai, ka yi ta zagaye har zurawa daga cikin mita 10 ta zama maka jiki. Dajin kuma na ƙarshen mako ne. Ka sa dogon wando, ka koyi gane ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke fitowa uku-uku, in ka dawo gida ka duba jikinka saboda kaska, don a yankin nan tana ɗauke da cutar Lyme. In za ka ba shi taurari, ka bari sai ka buga shi a rana mai kyau da rana mara kyau, sannan ka rubuta dalili ko da layi biyu ne, ka ce tsari ya yi amma alluna sun yi ƙaranci, wataƙila masu kula da wurin su gani su gyara.

Maple Hill kuwa ka kama lokaci kafin sanyi ya shigo, ka fara da jan tsari, kada zuciya ta ɗebe ka zuwa zinariya. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka a bayan kowane faifai, kuma wanda ka fi so ka bar shi a jaka a duk kwandon da ke da ruwa. In ka sa rana ka faɗa mana a nan, akwai 'yan'uwa a Worcester da ba sa ƙin fita.