Takardata ta ƙone, na sa an buga mini irinta: mene ne hukuncin albashina?

Tambaya: Malam, na kammala karatu na ci jarrabawa, sai gobara ta cinye takardar shaidata. Wani ya buga mini irinta sak, har da hatimi da sa hannu, kuma da ita na samu aiki. Ban ƙara maki ko ɗaya ba. Albashina halal ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alheri. Maganarka cewa ba ka ƙara maki ba ita ce ta raba ka da wanda bai taɓa shiga aji ba. Tunda cancantar da aka nema kana da ita, kuma kana yin aikin, albashinka halal ne. Haramcin ha'inci da shaidar zur kuwa ba ya buƙatar dogon bayani.

Sai dai takardar jabu ce. Na san akwai masu cewa idan abin da ke ciki gaskiya ne babu laifi, wai haƙƙinka ka karɓa. Wannan magana ba ta tsayuwa. Takarda labari biyu take bayarwa: cewa ka ci jarrabawa, da cewa hukuma kaza ce ta shaida haka da hannunta. Na farko gaskiya ne, na biyu ƙarya ce tsagwaronta. Wancan sa hannun ai suna ne na mutum, an sa shi ya yi shaidar da bai yi ba. Ma'anar jabu ke nan: jingina abu ga wanda bai yi shi ba, takarda ce ko zane ko rubutun hannu. Kuma mai haƙƙi ba ya bin ta taga alhali ƙofa a buɗe take. Makarantu suna ajiye rajista.

Malamai ba su taɓa sakaci da sunayen shaidu ba. A Bagadaza an kawo wata takarda wai Annabi (SAW) ya ɗauke wa Yahudawan Khaibar jizya. Malamin hadisi Khaɗibul Bagdadi ya duba shaidun da aka rubuta a ciki kawai: Sa'adu bn Mu'azu ya rasu shekara ta 5 bayan Hijira, Khaibar a ta 7 aka ci ta, Mu'awiya kuma sai a ta 8 ya musulunta. Nan take ta rushe.

Ka tuba, ka nemi makarantarka ta ba ka madadi ko wasiƙar tabbatarwa, ka musanya waccan, ka yaga ta. Kada tsoro ya sa ka ajiye aiki ka bar iyalinka a rana, shaiɗan yana son haka.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ya buga maka. Wanda ke da hatimin wasu a aljihunsa ba kai kaɗai yake yi wa ba, wataƙila har da mai duba marasa lafiya. Kada ka nuna wa kowa hanyarsa, ko da ƙaninka ne.

Wallahu a'alam.